Gashin Hansai da Gashin Asibiti

Da sunan Allah nake farawa. Wannan ba tatsuniya ba ce, don haka ba zan jira ku ce ta zo mu ji ta ba. Ta riga ta zo, a bayana ta sauka, ga tabonta nan har gobe. Ni ban yi boko ba, allon ma iyakata abin da zan yi salla da shi. Jikana Nasiru ne yake riƙe da waya yana rubuta abin da nake faɗa, na kuma ce in ya gama ya karanta mini daga farko. In kun ga an yabe shi ya wuce kima, to ba daga bakina ya fito ba.

An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa. Ni ba ni da gemu, bayana ne ya kama, shi ya sa na ce a rubuta, ko wata tsohuwa ta ji ta tsira.

A Limawa nake, cikin Dutse, a gidan da aka kawo ni tun ina da ƙarfin surfa dawa ni kaɗai. Maigidan ya rasu da daɗewa, Allah ya jiƙansa. Yanzu ina zaune da ɗana na fari, wanda bakina ba ya kama sunansa, sai dai in ce uban Nasiru, da matarsa Rabi. Sana'ata daddawa. Duk wanda ya sha miyar kuka mai ƙamshi a layinmu, in ya bi sawu, a ƙofar ɗakina zai tsaya.

Farkon damina ne, ruwa ya sauka, ana ta shuka. Na dafa kalwa, na sunkuya zan sauke tukunyar daga murhu kamar yadda na saba tun kafin a haifi masu karanta wannan. Gwiwa a miƙe, baya a lanƙwashe kamar lauje. Na ɗaga. Sai na ji wani abu ya ce ƙas a ƙuguna, ba da ƙarfi ba, kamar an karya kara. Tukunya ta yi hagu, ni na yi dama. Kaji suka taru a kan kalwata, ina kwance ina kallonsu, ko korarsu na kasa.

Satin farko ban san inda zan ajiye jikina ba. In na kwanta ciwo, in na zauna ciwo, in na yi tari sai in ji kamar an soka mini mashi a ƙugu. Rabi ce take riƙe ni zuwa banɗaki, ta tsaya a bakin ƙofa ta juya baya, Allah ya saka mata da alheri. Duk wannan na iya jurewa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne salla. Tun da na yi wayo ban taɓa salla a zaune ba, ko da tsohon ciki. Sai ga shi uban Nasiru ya shigo da farar kujerar roba ya ajiye a kan dardumata, ya ce addini ya yi sauƙi, in zauna in yi nuni da kai, ladana cikakke ne. Gaskiya ya faɗa, ban musa masa ba. Amma goshin da ya saba da ƙasa ba ya jin fatawa. Ina zaune ina duƙar da kai kamar mai gyangyaɗi, ga ƙasa nan a gabana ina kallonta, ta yi mini nisa kamar Makka.

Masu zuwa dubiya kuwa, kowa da likitancinsa a bakin zane. Wata ta ce sanyi ne, a jiƙa mini sassaƙe. Wata ta ce basir ne ya hau baya. Wani ƙanin maigidana ya zo daga Taura da wanzami, aka kafa mini ƙaho, aka fitar da baƙin jini aka nuna mini, aka ce ga ciwon nan ya fito. Ciwon bai san an fitar da shi ba. Aka sayo ƙwayoyi a kemis masu sa ni barci da rana. Kuma duk wanda ya tashi tafiya, bayan ya ce Allah ya sawwaƙe, sai ya ƙara da cewa tsufa ne, sai haƙuri. Sai na rasa ko dubiya suka zo ko ta'aziyya.

Da aka shiga sati na uku abu bai sauya ba, aka ce sai asibiti. Akuyoyina biyu ne, aka kai baƙar kasuwa, jar ta rage. Aka sa ni a adaidaita, duk ramin da ya faɗa sai na kira sunan Allah. Muka isa da hantsi muka tarar da layin kati ya yi kwana. Benci ya cika, wata yarinya mai goyo ta tashi ta ba ni wuri, ban san sunanta ba amma tana cikin addu'ata. Aka tura mu hoto, aka ce na'ura tana jiran wuta. Wuta ta zo, mai ɗaukar hoton ya fita. Ya dawo, aka ɗauka, aka ce mu dawo washegari. Muka dawo.

Likitan yaro ne, idonsa ja don gajiya, mutane kuma suna ta leƙo ƙofa. Ya ɗaga hoton ya duba, ya matsa mini baya, ya sa na ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ƙashi bai karye ba, bai goce ba, naman da ke riƙe da shi ne ya ji rauni. Sai ya sunkuya yana rubutu, ko kai bai ɗago ba, ya ce:

"A kai ta gashi."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, aka kira na gaba. Ina gode masa, don shi ya fara gaya mini ƙashina lafiya yake. Amma da ya ƙara kalma biyar a kan huɗun nan, da ba a yi mini abin da aka yi mini ba.

Uban Nasiru ya kai takardar tagar da aka nuna masa, aka gaya masa abin da za a riƙa biya, aka kuma ce ba zuwa ɗaya ba ne, sai an yi ta zarya. Ya dawo ya ninke takardar ya sa a aljihu. A hanya ya ce in dai gashi ne, ai gida akwai itace, akwai ruwa, me zai sa a yi ta jijjiga tsohuwa a adaidaita. Ni ma da ramukan hanya suka gama da ni, na ce haka ne.

Ina da aminiya, Hansai, gidanta na kallon namu. Tsohuwar ungozoma ce, rabin matan unguwa ita ta yi musu wankan jego. Da ta ji abin da likita ya ce, sai ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta ce yau ga ikon Allah, an sayar da akuya don a je a ji abin da take yi tun tana budurwa. Ta ce yaran asibiti ne za su koya mata gashi? Ta ɗaura ɗamara a ranar.

Da safe ta tafasa ruwa a babbar tukunya da ganyen darbejiya, ta tsoma tawul ta danna mini a ƙugu har sai na ga taurari da rana. Da yamma ta zuba garwashi a kasko ta tura ƙarƙashin gadona, kamar mai jego, ni da na manta shekarar da na yi haihuwar ƙarshe. Ta kafa doka, kada in tashi, kada in juya, kada iska ta taɓa bayan. Ba zan ɓoye ba, da farko akwai daɗi. In zafin ya ratsa sai ciwon ya yi lamo, in yi barci. In wuta ta mutu sai ya farka ya fi da. Hansai ta ce alamar bai gasu ba ne, a ƙara wuta.

Haka muka yi ta yi, gero ya tsiro, ya kai gwiwa, ya wuce. Ni ina kwance ina gasuwa. Cinyoyina suka zube suka koma kamar kara. Da can ina iya takawa zuwa banɗaki da riƙo, yanzu sai an kawo mini fo. Kujerar ma na daina hawa, a kwance nake salla. Ranar da abin ya ƙare, Hansai ta shafa mini man zafi, ta ɗauko dutsen da ta saka a wuta ta naɗe shi a tsumma ta ɗora a ƙuguna. Fatar ta riga ta saba, ban ji komai ba, barci ya ɗauke ni. Rabi ce ta ji ƙauri ta shigo. Da aka ɗaga tsumman, fata ta biyo shi.

Hansai ta zauna a ƙasa ta yi kuka kamar yarinya. Matar nan itacenta ta ƙona a kaina, ta bar sana'arta, ko sisi ba ta karɓa ba. Ba na zaginta, ba kuma zan bari a zage ta ba. Abin da ta sani ta yi. Amma ƙuna ƙuna ce, ko masoyi ne ya yi ta.

Ana cikin haka Nasiru ya dawo. Tun farkon damina yana Haɗeja, ya samu aikin manna tayil a wani gini, kuma an ɓoye masa yadda abin ya kai. Sai in gaya muku wane ne Nasiru. Shi ne abin faɗan gidanmu. Tun da ya tasa ya shiga 'yan ɗaga ƙarfe, suna da wani fili a Yalwawa bayan garejin makanikai, sun cika gwangwanaye da siminti sun soke su da ƙarfe, ga tsofaffin ƙarafan mota, suna ɗagawa suna nishi. Ubansa ya yi faɗa har ya gaji, ya ce ƙato ya rasa abin yi sai ɗaukar kayan da ba a aike shi ba. Ni ma ban raga masa ba. In ya shigo da ƙwanjinsa kamar ya haɗiyi kabewa, nakan ce maigida, ɗan dako ma ana biyansa, kai wa yake biyanka? Shi kuma ya ce amarya, don in iya ɗaukarki ne ranar da kika yi yaji.

Ya yi sallama ya shigo da tsiyarsa a baki, ya ce amarya an ce kin kwanta don kada ki yi mini tuwo. Sai Rabi ta ɗaga zanen ya ga bayan. Ya tambayi abin da likita ya ce, aka gaya masa. Ya ce a ba shi takardar. Ya duba, ya zauna a bakin gado.

Ashe shi ma ya taɓa shiga irin wannan. Shekarun baya ya ɗaga ƙarfe daga ƙasa da baya a lanƙwashe, ƙugunsa ya riƙe, ya ɓoye wa ubansa don kada a ce an faɗa masa, ya yi ta zuwa wurin gashin nan a sace har ya warke. Ya ce gashin asibiti ba wuta ba ce. Akwai wata fitila da suke haska wa mutum ta ɗumama shi, amma wannan ɗan somin-taɓi ne. Ainihin aikin, motsa jiki ne, a koya wa naman baya ya sake riƙe mai shi. Ya ce kwanciyar da aka sa ni ta fi dutsen yi mini ɓarna.

Na ce, "To in ba wuta ba ce, uban wa ya sa musu suna gashi?"

Ya ce shi ma bai sani ba, haka ya tarar ana faɗa.

Washegari ya ɗauke ni cak kamar jaririya ya sa a adaidaita, ya zauna ya tallafe ni, ya ce wa direban in ya faɗa rami ɗaya shi da shi ne. Na ce ashe ranar yajin ta zo. Aka fara kai ni inda ake wanke ciwo, mai wankin ta yi ta faɗa, ta ce wa ya yi wannan aika-aika. Na ce wuta ce. Sai da muka yi ta zaryar wanki har ƙunar ta kame, sannan aka shigar da ni wurin gashi.

Na shiga ina neman murhu da ido. Babu. Gadaje ne dogaye, da wasu manyan ƙwallaye, da ƙarfe biyu da ake dafawa a koyi tafiya. Wadda ta karɓe ni mace ce, ba ta wuce sa'ar Rabi ba, muna ce mata Malama. Ta dube ni tun daga wuya har tafin ƙafa, ta tambayi ko ƙafa tana mutuwa, ko fitsari yana ƙwace mini. Sannan ta ja kujera ta zauna ta tambaye ni abin da ba wanda ya tambaye ni tun da na faɗi. Ta ce Mama, me kike so ki koma yi?

Na ce ina so in yi ruku'u, in kai goshina ƙasa, in tashi ba mai riƙe ni.

Na jira ta ce tsufa ne. Ba ta ce ba. Ta ce ba za ta yi mini alkawari ba, amma za mu nema. Kuma ta faɗi wata magana da ta zauna mini: "Wuta lallashin ciwo take yi, Mama, ba ta korarsa."

Da ta ga ƙirar Nasiru ta gane ɗan ƙarfe ne, ta ce to ga mai aiki an samu, amma da sharaɗi, abin da ta nuna kawai zai sa ni, kada ya kawo mini na Yalwawa. Ta sa ya ɗaga rigarsa ya juya don in gani. Bayan yaron nan kamar gona, kunya biyu da kwari a tsakani. Ta ce waɗannan kunyoyi biyu na nama, kowa yana da su a gefen ƙashin bayansa, su ne suke tsayar da mutum. Nawa sun kwanta ne, za a tashe su.

Muka fara daga ƙasa. In kwanta rigingine, in tanƙwashe gwiwa, in matse ciki kamar mai ɗaure zane, in ɗaga ƙugu sama kaɗan in sauke a hankali. Ranar farko ko tafin hannu ba zai shiga ƙarƙashina ba. Bayan wannan sai rarrafe, hannu da gwiwa a ƙasa, in miƙa hannun dama gaba, in miƙa ƙafar hagu baya, in tsaya ina rawar jiki kamar ɗan akuyar da aka haifa yanzu. Kullum bayan la'asar in Nasiru ya taso daga aiki sai ya shimfiɗa tabarma a ɗakina. Ya ce su ma da wannan suke fara ɗumama baya kafin su taɓa ƙarfe. Yana ƙirgawa yana tsokanata, ya ce amarya a haka za ki riƙe miji? Ina ce masa mijin da bai iya cefane ba. In na ce wayyo, ya tambaya wane irin ciwo ne, na gajiya ko na suka. In na suka ne a tsaya. Wannan dokar Malama ce, bai taɓa karya ta ba.

Sati ya bi sati, na koma zuwa banɗaki da sanda. Sai Malama ta ce lokaci ya yi da za a ƙara wani. In yi rub da ciki, a sa matashi ƙarƙashin mara, in ɗaga kai da ƙirji kaɗan daga ƙasa, in riƙe, in sauke. Na ce mata a'a. Tun muna yara in aka ga yarinya ta yi rub da ciki, da bulala ake tashinta, a ce kwanciyar 'yan wuta ce. Ni da kaina na doki 'ya'yana a kan haka. Malama ba ta ja da ni ba, ta ce in je in yi tunani, akwai wasu hanyoyin amma wannan ta fi dacewa da bayana. Na kwana biyu ina juya abin. Na aika Rabi wurin matar liman ta tambayo mini. Amsar ta daɗe ba ta zo ba, ni kuma ƙasa tana jirana. Na ce Nasiru ya kawo matashi.

Ranar da Hansai ta shigo ba sallama da kwanon kunu, haka ta same ni, fuska a tabarma, ƙirji a sama, ƙato a tsugune a kaina yana cewa ƙara kaɗan. Ta yi salati ta ajiye kwanon ta fita. Kafin magariba labari ya gama layi. An ce jikan ya mai da kakarsa 'yar ɗaga ƙarfe. An ce tsohuwa da ƙafa ɗaya a kabari tana koyon kwanciyar 'yan wuta. Wata ma cewa ta yi an gan ni da gajeren wando, Allah ya isa tsakanina da ita.

Da safe uban Nasiru ya zo ya tsugunna a bakin ƙofata, kansa a ƙasa. Ina zaune a dakali, jar akuyata tana ɗaure a turke kusa da ni. Ya ce Inna mutane suna magana. Ya ce shi ne ake nunawa da baki a masallaci. Ya ce tunda an samu sauƙi har ina takawa, a bar abin haka, zai sayo mini kujera mai katifa, ya kuma gaya wa Nasiru kada ya sake shimfiɗa tabarmar nan.

Tsakanin uwa da ɗan fari akwai kunya, ba a musayar magana ido da ido. Sai na juya wajen akuya.

Na ce, "Ke ja, tunda ke kika rage mini mai saurare, ki ji. An sayar da 'yar'uwarki don a ji bakin likita, aka ji, aka dawo aka gasa ni kamar masara. Mutane ba su yi magana ba. Yau da na kwanta a tabarmata, a cikin ɗakina, don in samu in kai goshina ƙasa, yau mutane suka yi baki. To ki gaya wa mai gidan nan, Allah ya san mai rub da ciki don lalaci, ya kuma san mai yi don ta tashi ta yi masa sujada. In an hana yaron shiga ɗaki, a tsakar gida zan shimfiɗa. In nan ma an hana, ƙofar gida akwai inuwa."

Akuya ta ci gaba da tuƙa. Shi kuma ya daɗe a tsugune, ya ce Allah ya huci zuciyarki Inna, ya tashi. Bai janye maganarsa ba, bai kuma maimaita ta ba. Da la'asar Nasiru ya zo ya tsaya a tsakar gida yana kallon ɗakin ubansa. Na ce maigida in tsoro kake ji miƙo mini matashin ka koma. Ya shigo. Amsar liman ta iso bayan kwanaki, ya ce abin da aka yi don magani lalura ce, ba laifi. Na gode masa, amma ta tarar da ni na yi nisa.

Kada ku zaci daga nan sai daɗi. Akwai satin da na ji ƙarfi, na faki idon kowa na ɗauki bokitin ruwa, baya ya sake riƙewa. Na kwanta kwana da kwanaki, 'yan dubiya suka dawo da mun faɗa, mun faɗa. Malama ta yi mini faɗa kamar ita ta haife ni, ta mai da ni baya muka sake farawa daga ɗaga ƙugu. Kuɗin adaidaita da na kati kuwa, aikin tayil ɗin Haɗeja duk a nan ya narke, yaron bai taɓa ambata ba.

Na ƙarshe da aka koya mini shi ne na muciya. In tsaya, Nasiru ya ɗora muciya a tsaye a bayana, ta taɓa ƙeya, ta taɓa tsakanin kafaɗu, ta taɓa ƙugu. In sassauta gwiwa, in tura ƙugu baya, in sunkuya ba tare da muciyar ta rabu da wuraren nan ba. In baya ya lanƙwashe sai ta tona mini asiri. Ya ce su da ƙarfe a kafaɗa suke yin wannan, kuma duk wanda zai ɗaga nauyi daga ƙasa, in bai iya shi ba, bayansa na hannun Allah. Na yi na farko, na yi na biyu, hannuna ya sauka a gwiwa da kansa. Na ce kai yaro, wannan ai ruku'u ne. Ya ce to ashe duk Yalwawa masallata ne ba a sani ba. Abokansa da suka ji, suka aiko mini da ƙananan gwangwanayen madara biyu cike da siminti, wai kayan lefe. Malama ta ɗaga su ta ji nauyinsu ta ce ba laifi. Ina nan ina yi da su.

To ku ji abin da na tara ku in faɗa. In likita ya faɗi kalma, kada ku tashi sai kun ce ya warware ta, ko da na bayanku suna tsaki. Gashi iri biyu ne, kada a haɗa su. Kada kuma wata ta ji labarina ta kwanta ta fara ɗaga ƙafa ba a duba ta ba, don Malama ta ce akwai bayan da wannan zai ƙara wa ciwo. Ku kuma masu zuwa dubiya, ku zo da addu'a da kunu, ku bar tsufa ne a gida. Mun san mun tsufa, ba sai an aiko ku ba. Ni ban warke sarai ba, in gari ya yi sanyi ƙugun yakan gaishe ni, tukunyar kalwa kuma mu biyu muke sauke ta da Rabi, gwiwa a tanƙwashe. Hansai ta dawo shigowa, amma yanzu tana sallama.

An fara yankan gero ranar da na yi niyya. Na daɗe ina gwada sauka da tashi ina dafa bango, amma ban taɓa yi cikin salla ba. Azahar ce, Nasiru yana wurin aiki, Rabi tana wanke-wanke. Na yi alwala, na shimfiɗa darduma, na tsaya da ƙafafuna na kabbarta. Na yi karatu. Na tura ƙugu baya, na sunkuya, hannu ya kama gwiwa, baya a shimfiɗe. Na ɗago. Sannan na sauka, gwiwa ɗaya, gwiwa biyu, tafin hannu, goshi.

Ƙasar tana da sanyi. Ina jin ƙamshinta ta cikin darduma, ruwan jiya bai gama bushewa ba. Na yi tasbihin da aka saba, na ƙara, na sake ƙarawa. Na roƙa wa maigidana, na roƙa wa yarinya mai goyo, na roƙa wa likita mai jan ido, na roƙa wa Hansai. Ban san na daɗe ba. Ashe Rabi ta leƙo ta gan ni a ƙasa ba motsi, ta ruga zaure ta kira mijinta. Sai na ji gudu, na ji hannu biyu sun shiga ƙarƙashin hammatata za a ɗaga ni. Mai salla ba ta magana. Na girgiza kafaɗa, na sake girgizawa da ƙarfi. Hannuwan suka tsaya, suka janye.

Na ɗago na zauna, na koma sujada ta biyu. Sannan na kafa ƙafa ɗaya, na dafa cinya, na matse ciki, na miƙe. Ba wanda ya taɓa ni. Haka na yi har raka'a huɗu suka cika, suna tsaye a bayana ina jin numfashinsu.

Da na yi sallama, uban Nasiru ya tsugunna nesa kaɗan. Ya ce Inna a yi haƙuri, ya zaci bayan ne ya riƙe ni a ƙasa.

Na shafa addu'ata tukuna, sannan na ce, "Ba abin da ya riƙe ni. Goshi da ƙasa ne, tun shuka rabonsu da juna. Ai ka bar su su gama gaisawa."